Fentin ajin nazare: gaskiyar abin da launi ke yi wa ƙananan yara

Duk wanda ya taɓa yawon nema wa ɗansa makarantar nazare a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san yadda abin yake. Tun daga bakin titi katanga ke yi maka maraba: ja, kore, ruwan ɗorawa, ga ɓeran katun yana washe baki, ga tuffa a gefen harafin A, ga jirgin sama ya nufi gajimare. Ka shiga aji ka tarar babu inda za ka ɗora tafin hannunka a bango ba ka taɓa zane ko takarda ba. Uwargida ta dubi maigida ta ce, "To, wannan ita ce makaranta." A biya kuɗin fom a koma gida.

Mai makaranta ba wawa ba ne. Ya san bango shi ne tallarsa, kuma iyaye ke biyan kuɗi. Sai dai iyaye minti goma suke yi a ajin su fita, yaro kuwa a nan zai wuni, kwana biyar a mako, zango uku a shekara. Shi ya sa ya kamata a tambaya: wannan ado da ke burge babba, me yake yi wa ɗan shekara uku da aka zaunar a tsakiyarsa aka ce ya saurari anti?

Labarin launi mai sihiri

Kafin a kai ga abin da bincike ya nuna, sai an share wasu maganganu da suka cika intanet. Za ka karanta cewa shuɗi na kwantar da hankali, kore na ƙara fahimta, ja na sa faɗa, ruwan ɗorawa na sa jarirai kuka. Ana faɗinsu kamar karatun da aka haddace, kowa na kwafa daga wani. Maganar kukan jarirai a ɗaki mai ruwan ɗorawa, alal misali, ta shekara da shekaru tana yawo ba tare da wani gwaji da ya tsaya mata ba.

Labarin da ya fi koyar da darasi shi ne na ruwan hoda. A 1979 wani mai bincike ɗan Amurka, Alexander Schauss, ya shawo kan shugabannin wani gidan horon sojojin ruwa da ke birnin Siyatil suka shafa wa ɗakunan tsare mutane wani irin ruwan hoda, bisa cewa yana sanyaya zuciyar mai fushi. Har launin ya samu suna, Baker-Miller, sunayen shugabannin gidan su biyu. Labari ya bazu, gidajen yari da ofisoshin 'yan sanda suka yi ta sayen fenti. Da Oliver Genschow da abokan aikinsa suka sake gwada abin da kyau a Suwizalan, suka raba fursunoni tsakanin ɗakuna masu ruwan hoda da farare, sakamakon da suka fitar a 2015 bai nuna ruwan hoda ya rage faɗa ba. Haka ma ja. A 2007 Andrew Elliot na Jami'ar Rochester ya ba da rahoton cewa ɗaliban da suka ga ja kafin jarrabawa ba su yi ƙoƙari kamar sauran ba, amma waɗanda suka maimaita gwajin daga baya da yawansu ba su ga hakan ba. Kuma duk wannan a kan manya da matasa aka yi, ba a kan masu zuwa makaranta da kwandon abinci ba.

Akwai kuma wani abin da masu wannan lissafi ke mantawa: ma'anar launi koyonta ake yi. Bahaushe ya ce farin ciki da baƙin ciki, ya ce jan hali da jan aiki, ya sa fari ranar Juma'a, ya kuma yi likkafani da shi. Wata al'ummar nata daban ne. Yaron nazare bai gama ɗaukar waɗannan ma'anoni ba tukuna. Saboda haka duk wanda ya ce maka ga launi guda da zai sa ɗanka ya yi ƙwaƙwalwa, to fenti yake son sayar maka.

Wannan ba ya nufin launi ba ya komai. Yana yi, amma ta wata hanya: ta yawansa, da wurin da aka sa shi, da hasken da yake mayarwa cikin ɗaki, da abin da aka haɗa shi da shi a cikin gwangwani.

Idon yaro da hankalinsa ba tare suke nuna ba

Jariri sabuwar haihuwa ba ya gani sosai. Abin da ke jan idonsa shi ne bambanci mai ƙarfi, kamar baƙi a kan fari, da kuma fuskar mutum. Cikin wata uku zuwa huɗu ganin launi ya kankama, ko da yake launuka masu ƙarfi ya fi ganewa, masu sanyi-sanyi kuwa sai a hankali. Daga nan ne aka samo tunanin cewa yara na son launi mai haske, kuma gaskiya ne. Ajiye wa yaro ƙwallo ja wur da wata ruwan toka, ka ga wacce zai rarrafa wa.

To amma a nan gizo ke saƙar. Ido ya nuna da wuri, shi kuwa ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa da ke ba mutum ikon kawar da kai daga abin da ba shi ake yi ba, yana cikin na ƙarshen nuna, har bayan balaga yana ci gaba da ginuwa. Babba zai iya zama a tashar mota ya karanta jarida. Ɗan shekara huɗu ba shi da wannan birki. Duk abin da ya fi ƙyalli a ɗakin shi ke da idonsa, ko anti ce ko giwar da ke bango.

A 2014 Anna Fisher da Karrie Godwin da Howard Seltman na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh suka gwada wannan kai tsaye. Suka ɗauki yara 24 'yan ajin share fagen shiga firamare, suka koya musu darussan kimiyya guda shida: uku a ɗakin da aka cika bangonsa da taswirori da hotuna da zane-zane, uku kuma a ɗaki ɗaya ɗin bayan an kwashe kayan. A ɗakin ado yaran sun ɓata kusan kashi 39 cikin 100 na lokacin darasi hankalinsu na wani wuri, a ɗakin da ba ado kuwa kusan kashi 28. Da aka yi musu tambayoyi, sun ci kashi 42 cikin 100 a darussan ɗakin ado, kashi 55 a na ɗayan.

Wani abin dariya a ciki: da aka kwashe adon, yaran ba su zama waliyyai ba, sai suka koma kallon juna. Yaro dai yaro ne. Amma duk da haka jimillar shagalar ta ragu. Ya kamata kuma a faɗa, yara 24 ba su da yawa, darussan kuma gajeru ne, su kansu masu binciken ba su ce a kankare bangon kowane aji ba. A 2017 Mary Hanley da abokanta a Jami'ar Durham ta Ingila suka yi amfani da na'urar bin motsin ido, suka ga cewa in bayan malami cike yake da hotuna, yara na rage kallonsa, kuma abin ya fi tsanani ga masu lalurar otizim, wadda ke sa yaro wahalar mu'amala da mutane. Irin waɗannan yara suna nan a azuzuwanmu, sau da yawa ba a ma gano su ba, sai dai a ce yaron ba ya ji.

Ba fayau ba, ba kasuwa ba

Binciken da ya fi girma a wannan fanni shi ne na Farfesa Peter Barrett na Jami'ar Salford, wanda aka fitar a 2015. Sun bi azuzuwa 153 a makarantun firamare 27 na Ingila, da ɗalibai 3,766, suka auna kowane aji suka kwatanta da ci gaban yaran a karatu da rubutu da lissafi cikin shekara guda. Suka ce yanayin ginin aji na da alhakin kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban da ke tsakanin ɗaliban. Ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai duba yadda wannan kaso ya rabu. Kusan rabinsa na haske ne da zafin ɗaki da iska mai kyau. Kusan rubu'i na yadda yara ke jin ajin nasu ne, da sauƙin sauya tsarinsa. Launi da yawan kayan bango, su biyun a haɗe, su ne suka ɗauki ragowar rubu'in. Wato taga ta fi fenti. Mai makarantar da ya kashe kuɗi wajen zana namun daji a ajin da ke da 'yar taga guda, ya bar jaki yana dukan taiki.

A kan launin kansa kuwa, abin da suka gani shi ne tsaka-tsaki ya fi. Farin bango fayau kamar ɗakin asibiti bai yi kyau ba, ɗakin da kowane bango ke ihu da launi mai ƙarfi shi ma bai yi ba. Shawararsu ita ce a yi yawancin bango da launi mai haske marar hayaniya, a ware bango ɗaya ko wani sashe a ba shi launi mai ƙarfi, sannan kujeru da labule da tabarma su ƙara armashi. Suka kuma ce a bar kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na bangon babu komai. 'Yan firamare aka yi wa wannan awo, amma hankali zai ba ka cewa ƙannensu na nazare, da birkinsu bai kai nasu ba, sun fi su bukatar sararin.

Akwai wani bambanci da ni a ganina ya fi kowanne muhimmanci, tsakanin abin da mai zane ya zana da abin da yaro ya yi da hannunsa. Zanen mai fenti yana nan daram shekara biyar, ba ya da alaƙa da darasin yau. Amma 'yar takardar da yarinya ta yi wa jagwalgwalo da kalar ruwa, aka manna daidai tsayinta, ita ce za ta ja hannun mamanta ta nuna mata. Wannan ita ke sa yaro ya ji ajin nasa ne. Kuma ana cire ta a sa wata.

Magabatan wannan fanni sun daɗe da hango haka, kowa ta hanyarsa. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar yara sunan da duniya ta sani, Kindergarten, a 1840, kyautar farko da ya tanadar wa yaro ƙwallayen zare ne guda shida, kowace da launinta. Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, ta yi wani kayan koyo na tubala goma da ake jerawa daga babba zuwa ƙarami, ta yi su duka launi ɗaya, ruwan hoda. Dalili? Girma take son yaro ya lura da shi, in kowane tubali da launinsa sai hankali ya rabu. Makarantun Reggio Emilia na Italiya, da Loris Malaguzzi ya jagoranta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna kiran ɗakin karatu malami na uku, suna barin bango ya zama wurin aikin yara. Makarantun Waldorf na Rudolf Steiner su kuma sun zaɓi wani ruwan hoda mai sanyi ga ƙananan yara, amma wannan daga falsafarsa ya fito, ba daga gwaji ba. In ka tattara su, abu ɗaya suka haɗu a kai: launi ya zauna a kan abin da ake son yaro ya kalla ya taɓa.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Allon makarantar allo fari ne da baƙar tawada, ba abin da ke gasa da harafi. Launi sai ranar sauka yake zuwa, a zayyana. Ba ina cewa a mayar da nazare zaure ba ne, amma wanda ya tsara allo ya san inda yake son ido ya tsaya.

Haske da zafi

Azuzuwanmu da hasken rana suke aiki, wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Farin silin da bango mai haske suna mayar da yawancin hasken da ya shigo ta taga, shuɗi mai duhu ko ja mai duhu kuwa shanye shi suke yi. Sai ka ga aji da rana tsaka ya yi dumɗum kamar magariba, yara na matse ido su ga allo. A waje ma haka: bango mai duhu da ke fuskantar rana zafi yake tarawa, kuma duk wanda ya san bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafi ke haura maki 40, ya san abin da ƙarin zafi ke yi wa yaro a ƙarƙashin kwano. Fenti mai ƙyalli a bangon da rana ke duka shi ma yana kashe ido. Ruwan madara, ko fari mai ɗan sirkin kore ko bula, ba su da tsada, suna kuma jure ƙurar hunturu fiye da fari tas.

Yaron da ja da kore ke rikita shi

Wasu yara an haife su ba sa bambance wasu launuka, musamman ja da kore. Gado ne da ke bi ta wajen uwa, shi ya sa ya fi kama maza. A tsakanin Turawan arewacin Turai kusan namiji ɗaya ne cikin 12, mace ɗaya cikin 200. A Afirka bai kai haka ba, amma a makaranta mai yara ɗaruruwa da wuya a rasa. Irin wannan yaro anti za ta ce masa "ɗauko min koren fensir," ya ɗauko ruwan ƙasa, a yi masa dariya, wata rana ma a zane shi a ce taurin kai ne. Shi kuwa bai san akwai abin da sauran ke gani da shi ba ya gani ba. Maganin mai sauƙi ne: kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo. In an ware kwandon littattafai da ja, a manna masa alama ko hoto. Jan alli a kan koren allo kuwa a bar shi kwata-kwata. Akwai gwajin da likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917, wanda har yau asibitocin ido ke amfani da shi, kuma akwai irinsa na yaran da ba su san lambobi ba.

Amma kada a yi gaggawar yanke hukunci. Sunayen launi na cikin kalmomin da ke ba yara wahala. Charles Darwin, shahararren masanin halittu ɗan Ingila, da kansa ya rubuta cewa ya taɓa zaton 'ya'yansa ba sa ganin launi, don sun san sunayen abubuwa barkatai amma suna cakuɗa na launuka. Yaro ɗan shekara biyu ko uku da ya kira shuɗi ja, yawanci lafiyarsa ƙalau. Michael Ramscar da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun gano cewa yara masu jin Ingilishi sun fi saurin kama sunan launi in aka fara ambaton abin, sannan launinsa ya biyo baya. Hausa kuwa ta ba mu hanyoyin biyu: muna cewa "jar mota," muna kuma cewa "mota ja." Ta biyun ita ce ta fi dacewa da bakin anti. Ga kuma wata garaɓasa: launukanmu da yawa sunan abin da yaro ya sani suke ɗauke da shi, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan ƙwai. Yaron da aka nuna wa toka aka ce ga ruwan toka ya riga ya samu ƙugiyar rataya kalmar. Abin takaici ne a tsallake wannan a fara da haddar sunayen Turanci cikin waƙa, yaro ya iya rerawa amma bai iya nunawa ba.

Abin da ke cikin gwangwanin

Duk abin da aka faɗa a sama magana ce ta maki kaɗan sama ko ƙasa. Wannan ta ƙarshe kuwa ta lafiyar ƙwaƙwalwa ce har ƙarshen rayuwa. Launukan nan da aka fi so a nazare, ruwan ɗorawa mai ƙarfi da ruwan goro da ja da wani koren, su ne aka daɗe ana haɗa su da sinadarai masu dalma, musamman a fentin mai. Dalma na sa launi ya fito, fenti ya bushe da wuri ya kuma daɗe. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna kira da kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Gwaje-gwajen da ƙungiyar SRADev ta Najeriya ta yi tare da IPEN, wata ƙungiyar duniya mai yaƙi da sinadarai masu guba, a kan fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar sun nuna mafi yawan waɗanda aka auna sun haura wannan iyaka, kuma ruwan ɗorawa na cikin waɗanda suka fi muni.

Arewa ta san dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, sakamakon ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan daga ma'adinai ne, ba fenti ba, kuma yawanta ya wuce misali. Ta fenti a hankali take shiga, ba amai ba suma, sai dai ta rage kaifin ƙwaƙwalwa, ta taɓa natsuwa da ɗabi'a, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira lafiya, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Rahoton UNICEF da ƙungiyar yaƙi da gurɓata muhalli ta Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, na ɗauke da dalma a jini a matakin da ke bukatar a tashi tsaye.

Fenti mai dalma ba ya yin illa sosai yana sabo a manne. Sai ya tsufa ya fara ɓarewa, ya zama ƙura a ƙasa, yaro ya dafa ya kai hannu baki. Ɓawonsa ma ɗan zaƙi gare shi. Kuma ina ake shafa fentin mai a nazare? A daidai wuraren da yaro ke kaiwa: ƙasan bango don a riƙa gogewa, ƙarfen taga, ƙofa, ƙananan kujeru, lilo da sulu. Fentin ruwa ba kasafai ake samun dalma a cikinsa ba, kuma akwai irinsa da ke goguwa da jiƙaƙƙen tsumma. In dole sai fentin mai a kan ƙarfe, a nemi wanda kamfaninsa ya rubuta a jikin gwangwani cewa babu dalma, a guji na awo da ake zubawa a gora babu suna. Tsohon fentin da ke ɓarewa kada a goge shi da samfefa a bushe, a jiƙa shi tukuna a kankare, a kwashe a wanke ƙasan da ruwa, yara kuma ba sa kusa. Aikin fenti duka a bar shi sai dogon hutu, a buɗe tagogi warin ya fita kafin a dawo.

Iyayen da suka je duba makaranta, bayan sun gama kallon giwa da raƙumin dawa, sai ɗayansu ya tsuguna daidai tsayin ɗansa ya dubi ajin daga nan. Ya ga ko ana ganin fuskar anti da allo ba tare da wani abu na gasa da su ba, ko akwai aikin yara a bango, ko haske ya kai kujerar baya. Sannan ya shafa yatsa a ƙarfen taga da hannun lilo, ya duba abin da ya biyo yatsan.